Fim Ɗin Da Ya Ƙi Balaga

Ni ne Yaw Ntiamoah na unguwar Bantama a Kumasi. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar bidiyon jana'iza, kuma manyan mutane kaɗan ne aka binne a garin nan ba su bi ta cikin kyamarata ba. Sai wata rana na zauna na yi tunani: mutumin da ya iya sa dangi kuka sau biyu, ranar biso da ranar kallon faifai, sa mutane dariya zai gagare shi? A makon na sayar da filina na Abuakwa, na ce zan shirya fim ɗin barkwanci na manya zalla.

Na manya zalla fa. Masu sayar da faifai a kasuwar Kejetia sun tsegunta min cewa duk fim ɗin da kwamitin tantancewa ya buga wa jan hatimin shekara goma sha takwas, ba ya kai azahar a kan tebur. Maza su saye shi su cusa a cikin jarida, su wuce kamar ba su ba. Jan hatimin nan nake so, ba wani abu ba.

Sunan fim ɗin *Mijina Ya Tafi Obuasi*. Labarin wata mata ce da mijinta ya tafi haƙar zinariya, samari uku suka yi ta zarya a gidanta. Muka ɗauka cikin kwana tara. Tun kafin in kai wa kwamiti a Akra na buga takardun talla dubu biyu, kowace da 18 ja wur, girman kan jariri, na bi na lilliƙa daga Bantama har Suame.

A gindin bishiyar da muke buga dara kuwa, ba a iya jin kowa sai ni.

"Ku ji ni da kyau," in ji ni, "wanda ya san yana da hawan jini kada ya zo. Ni kaina da na haɗa shi, sai da na kawar da kai a wurare uku."

Opanin Sarkodie, dattijon cocinmu, ya tofar da yawu. "Tir da kai, Yaw. Da furfurarka! Ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan taka wurin ba." Ya tura ɗan dararsa, sannan ya ce, "Ƙarfe nawa ka ce za a fara?"

Matata Afrakoma, shugabar matan coci, ta daina yi min magana. Sakwara ma sai ta dire min ta juya baya. Yayanta Agya Nimo, tsohon direba, shi na sa ya fito a babban saurayi, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yabon fim ɗin ba. Duk sanda na kurara shi sai ya ce, "To, Darakta, Allah ya kai mu Akra."

Ya kuwa kai mu. Ƙarfe goma na safe aka shigar da mu wani ɗaki mai baƙin labule. Mutum biyar ke zaune: wani fasto, wata 'yar sanda, likitar yara, malamin harshen Twi, sai shugabarsu Madam Lamiley, tsohuwar shugabar makaranta, mai tabarau da igiya. Gaban kowa akwai takarda mai gida shida. Na leƙa na karanta: baƙar magana, tsiraici, duka da jini, giya da hayaƙi, abin tsoro, sai abin da yaro zai kwaikwaya ya ji ciwo.

Na ce, "Madam, ku ƙaro takarda. Wannan ba za ta ishe ku ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Zauna, Malam Ntiamoah."

Aka kunna. Awa ɗaya da minti hamsin ina sauraron inda za a fashe da dariya. Ni kaɗai na yi ta, sau bakwai. Fasto ya yi gyangyaɗi har biro ya faɗi daga hannunsa. Da aka kunna fitila suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, bai fi na minti biyu ba. Na gyara zanena a kafaɗa, na zunguri Agya Nimo.

Madam ta ce, "Mun yi ittifaƙi. Fim ɗinka ya dace da kowa da kowa."

"Kowa da kowa daga shekara sha takwas."

"Kowa da kowa daga goye."

Ta ɗauko koren hatimi. Na yi tsalle na tare takardar da tafin hannu, hatimin ya sauka a bayan hannuna.

"Madam, a tsaya! Anya kun kalli fim ɗin nan kuwa? Minti na ashirin, zagi! An ce wa mutum kansa kamar doya!"

"Mun ji. Jikata 'yar shekara biyar ta gaya wa ƙanenta abin da ya fi haka da safen nan. Ba ƙirga kalmomi kawai muke yi ba. Muna duba wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, sau nawa, da wace niyya. Naka sau ɗaya ne, kuma wanda aka zaga ya ce na gode."

"To giya fa? Kwalba guda Agya Nimo ya shanye!"

'Yar sandar ta duba takardarta. "Bayan ya sha ya kalli kyamara ya ce, 'Afrakoma, ruwa ne fa.' Wace ce Afrakoma?"

"Ƙanwata ce," in ji Agya Nimo. "Ba ku san ta ba ne."

Na harare shi. "Tsiraici fa? Ai ya tuɓe riga!"

"Da singileti a ciki," in ji likita. "Kai da kake tsaye da zane a kafaɗa ka fi shi tsiraici."

"Rungumar da aka yi a minti na arba'in fa?"

"Musafaha muka gani."

Gaskiyarsu. Ranar da muka ɗauki wurin, mijin yarinyar da ta fito a matar, mahauci ne, ya zo ya tsaya a bayana da wuƙarsa, ya ce daga wurin aiki yake, mu ci gaba kawai. Agya Nimo ya miƙa mata hannu daga nesa kamar mai gaisuwar ta'aziyya.

"Amma ai sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa!"

"Sun rufe," in ji fasto, wanda ashe ba duk barci ya yi ba. "Daga nan muka kalli akuya tana cin ɓawon ayaba minti uku."

"Wannan hikima ce, Fasto. Mai hankali ya san abin da ake nufi."

"Akuyar ta yi ƙoƙari," in ji shi.

Saura makami ɗaya gare ni, zancen turmi da taɓarya da na sa a fim ɗin, wanda na yi mako biyu ina tsara shi. Na ce duk wanda ya sha nonon Asante ya san wannan magana ba ta yara ba ce. Malamin Twi ya gyara zama, ya ce shi haifaffen Mampong ne, shekara talatin yana koyar da harshen, amma bai gane ba.

Madam ta ce, "Dokarmu ita ce, in magana mai harshen damo ce, muna tambaya: yaro ɗan shekara takwas zai gane, ko za ta wuce ta saman kansa? Taka ta wuce ta saman kanmu mu biyar. Amma ba za mu zalunce ka ba. Yi mana bayani. Me taɓaryar take nufi?"

Na dubi Madam, sa'ar uwata. Na dubi fasto da farin abin wuyansa. 'Yar sanda ta ɗaga biro tana jira.

"Wato... taɓarya... ai kun san... idan aka ce turmi..."

"Muna jin ka."

"Wato daka."

"Dakan me?"

"Sakwara," in ji ni da ƙaramar murya.

"Madalla. Girki ke nan." Ta buga koren hatimi, ƙwal. Ta ce idan na sake wani abu a fim ɗin ina iya dawowa su sake dubawa.

A mota na ja kunnen Agya Nimo cewa in ya buɗe baki zan gaya wa Afrakoma ba ruwa ba ne a kwalbar. Da muka iso gindin bishiya aka yo kanmu.

"Yaya? Sun ba da?"

"Sun kasa ƙarasa kallo," in ji ni. "Fasto har biro ya faɗi daga hannunsa. Sun ce in ba su mako biyu su dawo hayyacinsu."

"Mene ne wannan kore a bayan hannunka?" in ji Opanin Sarkodie.

"Kanta ce."

Yanzu sai gyara. Tun da zagi suke so, na san inda ake saƙa shi. A Kejetia akwai Maame Dufie mai tumatir, wadda in ta buɗe baki direbobin haya kan kashe mota su saurara. Na same ta na ce ta zage ni a gaban kyamara.

"Don me zan zage ka, Wofa Yaw?" in ji ta, wato Kawu Yaw. "Haba! Kai ka ɗauki jana'izar uwata, ka yi mana aiki mai kyau."

"Ki daure dai, ko kaɗan ne."

"Ni ba na zagi sai an ɓata min rai."

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na ja da baya, na rufe ido na taka tiren tumatir ɗinta da ƙafa biyu.

Jama'a, na sha jin labarin matar nan, amma ji ba gani ba ne. Ta faro daga sanƙona, ta sauko kan kunnuwana, ta tsaya a tumbina ta yi zango, ta gangara ƙafafu, sannan ta koma kan kakannina ɗaya bayan ɗaya har da wanda ban san da shi ba. Minti goma sha ɗaya ba ta maimaita kalma ba. Kasuwa ta tsaya cak. Ni kuwa ina tsaye cikin ruwan tumatir ina murmushi, ina ce wa raina: sha takwas, Yaw, har da ɗoriya. Murmushin ya ƙara tunzura ta, ta kifa min sauran tiren a ka.

Da na koma shago na kunna, ga Maame Dufie tana ta wurga hannu, baki na buɗewa yana rufewa, amma tsit kake ji. Ban jona makirufo ba. A aikin jana'iza ba ma ɗaukar sauti, waƙar makoki muke ɗorawa daga baya, hannuna ya saba. Na koma washegari in roƙe ta ta maimaita, tun daga nesa ta ɗaga dutsen awo, na juya. Tun da ba a barin fim shiru, na ɗora abin da nake da shi: waƙar makoki.

Saura tsiraici. Na bi 'yan wasana ɗaya ɗaya, kowa ya ce yana da surukai a garin nan. Sai na ce to, darakta na gaskiya shi ke shiga inda sojojinsa suka ja da baya. Shirin mai sauƙi ne: zan fito daga banɗakin gidan hayarmu a guje, jiki duk kumfar sabulu, da ɗan tawul na goge fuska, kamar kwarton da maigida ya ritsa. Agya Nimo zai riƙe kyamara. Ban gaya wa kowa a gidan ba, don a sami firgita ta gaskiya.

An kuwa samu. Safiyar Talata ce, mata shida na wanki a tsakar gida. Na banko ƙofa na fito ina ihu. Wata ta kurma ihu, "Wofa Yaw ya haukace!" Karen mai gida, wanda shekara uku ban taɓa ganin ya tashi tsaye ba, ya tashi. Gudun wasa ya koma na gaske. Na zaga rijiya sau biyu, a na uku santsin siminti ya kwashe ni, ƙafafuna suka yi sama, na faɗa zaune cikin bahon rogon da aka jiƙa. Kare ya tafi da tawul. Kafin kowa ya ƙifta ido Afrakoma ta yaye mayafinta ta lulluɓe ni ruf, kamar kazar da za a kai kasuwa.

Maganarta ta farko gare ni cikin wata guda, da sunan 'yarmu ta haɗa: "Baban Serwaa, rogon mutane ne."

Daga ƙarƙashin mayafi na ce, "Nimo, ka ɗauka?"

Ashe yana kwance a ƙasa yana shure-shure don dariya.

Muka koma Akra. Da aka zo wurin Maame Dufie, bakinta na motsi waƙar makoki na tashi, sai na ga 'yar sanda tana share ƙwalla. Ta ce baiwar Allah, wa ya rasu mata? Da aka zo wurin tawul kuwa, ɗakin ya kece. Fasto ya riƙe ciki, malamin Twi ya buga tebur, Madam Lamiley ta cire tabarau tana goge ido. Na miƙe ƙafa na ɗora ɗaya kan ɗaya.

"Malam Ntiamoah," in ji Madam, "an sami ci gaba."

"Na gode, Madam. Ja ɗin yana hannun damanki."

"Gidan tsiraici babu komai. Mai kyamararka ya ɗauki sama, ya ɗauki tafin ƙafarka, ya ɗauki sanƙo, ya ɗauki kare. Amma likita ta ce gudu da sabulu a kan jiƙaƙƙen siminti abu ne da yaro zai iya kwaikwaya ya fasa kai. Saboda haka mun ƙara maka mataki ɗaya: yara su kalla, amma da iyaye a kusa."

Matakan biyar ne: kowa da kowa, da iyaye a kusa, sha biyu, sha biyar, sha takwas. Fili guda, tiren tumatir, bahon rogo da mutuncina, duk a kan mataki ɗaya.

"Madam, a dubi girman Allah. Ko sha biyar ce a ba ni."

"A'a."

"Sha biyu fa? Sha biyu ba ta da yawa."

"Nan ba Kejetia ba ce."

"To in na zagi fasto yanzu a gabanku, za a sa a lissafi?"

"Za a sa," in ji 'yar sanda, "amma a wata takardar daban."

Aka buga min hatimi ruwan ɗorawa.

Duk da haka ban karaya ba. Takardun talla na nan a bango da jan lambarsu, Akra kuma tafiyar awa biyar ce. Wa zai sani? Na ninke takardar shaidar na cusa a aljihun wandon da ke ƙarƙashin zanena, na kama zauren taro na unguwa, na sa ranar Lahadi ƙarfe huɗu na yamma. Na kuma buɗe ƙofar baya, saboda masu mutunci.

Tun ƙarfe uku zaure ya cika. Maza wajen ɗari biyu, kowa da hula har gira, babu mai gaida na kusa da shi. A layin gaba akwai wani da baƙin tabarau da mayafi a wuya, amma tarin da yake yi na Opanin Sarkodie ne. A ƙofar gaba kuwa matan coci sun yi dafifi suna waƙar tuba da tafi, Afrakoma a gaba, wai sun zo hana ɓarna. Na ji daɗi, wannan talla ce kyauta.

Ina tsaye ina shan iska sai ga tasi ta tsaya. Madam Lamiley ta fito, da jikoki huɗu a bayanta.

"Na zo duba ƙanwata a Asokwa," in ji ta, "na ba yaran nan labarin tawul, suka hana ni sakat." Sai idonta ya sauka a kan bango. Ta sa tabarau. "Mene ne wannan?"

"Wannan... lambar gida ce, Madam."

"Sa shekarun ƙarya a kan fim laifi ne, ko an rage ko an ƙara. Ina takardar da muka ba ka?"

A gaban matan coci na ɗaga zane na laluba na zaro ta. Madam ta karɓa ta karanta da muryar da ta yi shekara talatin tana tara ɗalibai da ita: ya dace da yara, in da iyaye a kusa. Waƙa ta tsaya.

Matar Opanin Sarkodie, Maame Pokuaa, ta matso. "Uwa, kina nufin yara za su iya shiga?"

"In iyayensu na kusa."

"Iyayen ai suna ciki," in ji Agya Nimo, wanda babu wanda ya tambaye shi.

Cikin minti goma kowace ta je gida ta kwaso 'ya'ya da jikoki. Suka tura ƙofa, wata ta kunna fitilun zaure gaba ɗaya. Ban taɓa ganin maza ɗari biyu sun nemi shigewa ƙarƙashin benci a lokaci guda ba. Yara suka bazu suna, "Ga Baba! Ga Baba can!" Maame Pokuaa ta tafi kai tsaye layin gaba ta zare baƙin tabarau.

"Sannu da duba mara lafiya."

"Pokuaa, na zo ne in ga irin ɓarnar da idona, don in san addu'ar da za a yi."

"A layin gaba?"

"Idona ba ya gani daga nesa."

"Shi ya sa ka ƙara masa baƙin gilashi. Matsa." Ta zauna, ta ɗora masa jika a cinya.

Haka aka kalli *Mijina Ya Tafi Obuasi*. Kowane namiji da matarsa a dama, yaro a cinya, yana jiran wurin da zai sa a ce kunyar da ya sha ba ta tafi a banza ba. Aka rufe ƙofar ɗaki, maza suka miƙa wuya, akuya ta fito. Yara suka yi ta tafi. Wurin tawul kuwa sai da aka maimaita shi sau uku, don sun ce ba za su tafi ba.

Da aka gama na hau dandamali in yi jawabin da na rubuta tun wata biyu. "'Yan uwa, fasaha irin wannan..."

"Ina abin yake?" wani ya daka tsawa daga baya.

"Wuraren uku da ka kawar da kai, ina suke?"

"Mun sha kunya a kan akuya!"

Takalmi ya wuce ta gefen kunnena. Opanin Sarkodie ya miƙe, jika na rataye a wuyansa. "Yaw, kai maƙaryaci ne! Ka yaudare mu!"

"Da me ya yaudare ku?" in ji Maame Pokuaa. "Me kuka zo gani? Faɗa mana, muna ji."

Ya koma ya zauna.

Sai na ga Afrakoma tana hawowa dandamali, takardar shaidar a hannunta. Na ce yau kashina ya bushe. Ta karɓe makirufo daga hannuna, ta ɗaga takardar sama yadda kowa zai ga hatimin.

"Mata 'yan uwana," in ji ta, "shekara ashirin da shida ina gaya muku mijin nan nawa baki ne kawai, babu abin da zai iya ɓatawa, kuna cewa rufa masa asiri nake yi. To yau ga takardar gwamnati."

Mata suka ɗaga hankici suna kaɗawa, zaure ya ɗauki shewa. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, "Afrakoma, takardar ta fim ce, ba tawa ba."

"Sunan wa ke jiki?"

Na duba. Nawa ne.